Wane esi zan saka kafin bazara: mai inbata, na gargajiya, na sola ko fanka mai ruwa? Da gaskiyar maganar tallafin gwamnati

Duk shekara da zarar hunturu ya fara janye jiki, wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, sai tambayar nan ta dawo min, bana ma daga cikin gida ta fito, ƙanina ne zai tare a sabon ɗaki, ya tara kuɗinsa amma ya rasa inda zai dosa. Mai shago a Sabon Gari ya ce masa Alhaji ai inbata ake yayi yanzu, mai gyara na unguwarmu ya ce kar ka kuskura, ranar da bod ɗinsa, wato allon lantarkin da ke sarrafa shi, ya ƙone sai ka gwammace kiɗa da karatu, can kuma wani ya turo masa saƙo a WhatsApp wai gwamnati tana biyan rabin kuɗin esi ga duk wanda ya cike fom. Sai ya kira ni ya ce, "Yaya, wa zan bi a cikinsu?" Abin da na zauna na faɗa masa shi zan baje a nan, don na san ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗanin ba.

Maganar dai kan sifilit ce, wato esi mai gida biyu, ɗaya a bangon ɗaki yana hura sanyi, ɗaya a waje mai kwamfiresa da fanka, bututun jan ƙarfe ya haɗa su. Na taga yanzu sai a tsofaffin ofisoshi.

Abin dubawa kafin a taka kasuwa

Na farko, wanda ya fi sauran duka nauyi, wace irin wuta gare ka. Ba wai ana kawowa ko ba a kawowa kaɗai ba, a'a, wane Band layinku yake, wato rukunin da kamfanin wuta ya sa ku, awa nawa take zama, in ta zo da ƙarfinta take zuwa ko irin wadda ƙwan fitila ke yin ja kamar garwashi ce, kuma in an ɗauke da me kake cikewa, injin janareta ko sola ko haƙuri. Tun ranar 3 ga Afrilu 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta cire tallafi daga 'yan Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, yunit ya tashi daga naira 60 da 'yan kai zuwa 225, aka sauke shi 206.80 a watan Mayu, a Yuli ya koma 209.50, ban da harajin VAT na kashi 7.5. Band B awa 16 ne, C awa 12, D awa 8, E awa 4, su kuma aka bar su a tsohon farashi ƙasa da naira 70. Kenan maƙwabta biyu da titi ɗaya ya raba na iya saka esi iri ɗaya, ɗaya ya biya ninki uku na ɗayan. In ba ka san naka ba ɗauko rasit ɗin yunit ɗin da ka saya na ƙarshe, na KEDCO ne ko Kaduna Electric ko na Yola ko Jos, ka raba kuɗin da yawan yunit ɗin, nan take za ka ga inda kake.

Na biyu girman ɗaki da irin rufinsa. Ƙarfin esi da hos ake faɗarsa a kasuwa, BTU kuma ma'aunin sanyin da yake bayarwa ne. Hos ɗaya kusan BTU 9,000 ne, ya dace da ɗakin kwana na ƙafa 12 da 12. Hos ɗaya da rabi BTU 12,000, na ɗaki mai ɗan faɗi ko ƙaramin falo. Hos biyu BTU 18,000, na falo sosai. Amma fa wannan lissafin na ɗakin da yake da silin mai kyau ne. In kwano ne a samanka ba wani abin tare zafi, ko kana hawa na ƙarshe a bene, ko bangonka na kallon yamma rana na dukansa tun azahar har magariba, ƙara rabin hos. Mutane da yawa suna sayen ƙarami don su rage kuɗi, sai esi ɗin ya kwana yana gudu bai huta ba, ɗaki bai yi sanyi ba, mita kuma tana ta zuƙa.

Sannan kuɗin saye haɗe da na sakawa, da abin da zai sha duk wata, da juriyarsa ga zafinmu da ƙurarmu, da ko akwai mai gyaransa a garinku, da irin haɗarin da ke tattare da shi. Da waɗannan zan auna kowanne.

Wani abu da masu shago ba sa faɗa sai ka tambaya: a jikin takardar da ke manne a injin waje ko a kwali akwai alamar T1 ko T3. T1 an gina shi ne don ƙasashen da zafinsu bai cika wuce digiri 43 ba, T3 kuwa yana iya aiki har 52. Mu da Afrilu ke haura 40 a Kano, Sakkwato da Maiduguri da Yamai ma sun fi haka, kuma injin yana manne a bangon da rana ta gasa, in ka samu T3 ya fi maka nesa ba kusa ba. Ka taɓa ganin esi yana sanyi da daddare amma da ƙarfe 3 na rana sai iska kawai? Sau da yawa daga nan ne.

Na gargajiya, mara inbata

Wannan shi ne wanda muka saba da shi, kwamfiresa ya tashi da dukan ƙarfinsa, ɗaki ya yi sanyi ya mutu, zafi ya dawo ya sake tashi. A sababbi shi ne mafi sauƙin kuɗi. Gyaransa ma sauƙi, yawanci kafasita ce ke mutuwa kuma ba ta da tsada, duk wani yaro mai gyaran firij a Katsina ko Gusau zai iya canja ta cikin rabin awa. Ba shi da wasu na'urori masu laushi sosai a ciki, don haka yana jure wahala, akwai waɗanda suka haura shekara 10 suna aiki.

Matsalarsa biyu. Ta farko tashinsa, duk sanda kwamfiresa zai tashi yana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar na abin da yake sha a tafiya, shi ya sa fitilun gida ke lumshewa, shi ya sa kuma ƙaramin inji ke shaƙewa ya mutu. Ta biyu wuta mara ƙarfi. Na taɓa tsayawa gaban na wani maƙwabcinmu wata ranar Afrilu bayan isha, kowa a layin ya kunna nasa, wuta ta yi ƙasa, sai ka ji injin waje yana gurnani mmmm na 'yan daƙiƙu ya yi ƙas ya yi shiru, bayan minti biyu ya sake, jikinsa kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Haka ya yi ta yi har sati bai zagayo ba kwamfiresa ɗin ya tafi. In layinku haka yake to dole ka haɗa da sitabilaiza mai ƙarfi, kuma kuɗinta zai cinye rabin rarar da kake ganin ka samu.

Mai inbata

Shi kwamfiresa ɗinsa ba ya mutuwa ya tashi, a hankali yake farawa, ya ƙara gudu har ɗaki ya yi sanyi, sai ya sassauta ya ci gaba da tafiya a sannu kamar direban da ya hau titin Zariya ya daidaita ƙafa. Nan ne rangwamen wutar yake. Ba ya fizga a tashi, ba shi da ƙara sosai, sanyin ma daidai yake zama ba irin na a daskare a narke ba. Da yawansu kuma suna ɗaukar wutar da ta ɗan yi ƙasa. LG suna da wanda suke kira Gencool, Haier Thermocool suna da GenPAL, a rimot kake rage yawan wutar da zai ja don ƙaramin inji ya iya ɗauka, sanyin zai ragu amma dai za ka yi barci. Hisense, Midea, Panasonic, Daikin, Gree duk suna da nasu masu inbata a kasuwa.

Bari mu yi lissafi da alƙalami, misali ne kawai, ɗakinka na iya bambanta. Hos ɗaya da rabi na gargajiya yana jan wajen wat 1,200, a dare na awa 8 da hutawarsa da komai mu ce yunit 7. Mai inbata a ɗaki ɗaya, an saita shi a 25, mu ce yunit 4 da rabi. A Band A, a farashin Yulin 2024 da haraji, yunit na kamawa wajen naira 225. Na gargajiya a wata yunit 210, naira 47,000 da ɗoriya. Mai inbata yunit 135, wajen naira 30,000. Bambanci kusan 17,000 duk wata. In ratar farashinsu a shago 140,000 ce, wata 8 na aiki sun biya ta, mu da muke kunna esi sosai daga Maris zuwa Yuni sannan Satumba da Oktoba, kafin bazara ta biyu ta ƙare ka mayar da kuɗinka.

Amma ɗauki lissafin nan ka kai shi Band C, a ce yunit naira 60. Bambancin yunit 75 ɗin nan ya koma 4,500 a wata, kuma wutar ma ba ta kwana, to shekaru za ka yi kafin ka fanshe. Wannan ne abin da mai shago ba zai faɗa maka ba in yana rantse maka cewa inbata ba ya shan wuta. Sai dai kuma ɗan Band C shi ne mai tayar da inji, inji kuwa tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ya zama wutar da ta fi kowace tsada, wanda zai ɗauki esi yana shan kusan lita guda a awa, ko a naira 900 ka sa lita, dare ɗaya ya haura 7,000. A nan inbata ya sake dawowa gaba, ba don mita ba, don zai bari ka yi amfani da ƙaramin inji maimakon ka sayi ƙato.

Haɗarinsa shi ne bod. Ƙwaƙwalwarsa ce, kuma ba ta son wutar da ke zuwa da hauka, irin wadda ake dawowa da ita bayan an ɗauke, ko tsawar farkon damina. In ta ƙone kuɗin sabuwa ba kaɗan ba ne, wani lokacin sai an aiko daga Legas, kuma ba kowane mai gyara ne ya iya aikinta ba. Mai gyaran unguwarmu bai yi ƙarya ba a nan. Maganinsa dai sananne ne, 'yar na'urar kariya da ake sakawa a layin esi ɗin, tana yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa da yawa, sannan ta jira kamar minti 3 kafin ta saki. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan ka kwatanta da bod. Wallahi duk wanda zai sayi mai inbata ya bar wannan, gara ya haƙura da sayen. Garanti kuma a karanta shi da kyau, shekara 10 da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali yawanci ta kwamfiresa ce kaɗai, bod da sauran kaya shekara ɗaya ko biyu ne, kuma sai da rasit na dila mai rajista.

Na sola

Iri biyu ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, ya kamata a raba. Akwai esi da aka gina shi yana karɓar wuta kai tsaye daga faranten sola, ba batir ba komai, da rana yana sha daga rana, in gajimare ya rufe ya cike da ta NEPA in akwai. Ga mai shago, mai kemis, ofis, ɗakin gwajin jini, makaranta, wanda buƙatarsa daga 10 na safe zuwa la'asar ce, gaskiya ban ga abin da ya kai shi ba, don lokacin da zafi ya fi tsanani lokacin ne faranti ya fi ba da wuta. Tsadarsa a saye ce, shi kansa ya kusa ninka mai inbata, ga faranti uku ko huɗu manya, ga ƙarfen ɗaurawa. Kuma rana na faɗuwa shi ke nan sai NEPA. Masu gyaransa ma ba su yawaita ba tukuna, ka tabbatar wanda ya sayar maka yana da kayan gyara.

Na biyun shi ne ka ɗora esi mai inbata na yau da kullum a kan solar gidanka mai batir. Nan ne mutane ke ƙona kuɗi. Batir ɗin ruwa na 200Ah a takarda yunit 2.4 yake ɗauka, amma rabi kawai za ka iya ja in kana so ya yi rai, kenan guda huɗu ba su kai yunit 5 ba, hos ɗaya mai inbata kuma zai iya shan yunit 3 zuwa 4 a dare, ban da firij da fankoki da fitilu. In ka dage kana zuƙe su kullum shekara ba za ta rufa ba sun kwanta. Esi na dare a kan sola sai da batirin litiyam, mai 5kWh, wato yunit 5, shi ne mafi ƙanƙanta da zan amince da shi ga ɗaki ɗaya, shi ma da lallaɓawa. Na gargajiya kuwa kar ma a kawo shi kusa da sola.

Wanda ya ga duhun Oktoban 2024, da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace Arewa ta yi kwana da kwanaki ba wuta, ko 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da aka yanke musu wutar Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, ya san dalilin da ya sa mutane ke rufe ido su zuba kuɗi a sola.

Na hannu, ɗan Beljiyam

Arha kam akwai, wani lokacin rabin kuɗin sabo. Ni ma da shi na fara. Wanda ya sayar min ya rantse bai taɓa ganin mai gyara ba, wata biyu sanyi ya ragu, aka zuba gas, bayan wata guda ya sake raguwa, sai da wani dattijon mai gyara ya shafa ruwan sabulu a jikin bututun muka ga kumfa tana tashi ta wuri uku, ya ce, "Malam, gas ba ya ƙarewa kamar fetur, in ka ga ya ragu to yoyo ne." Wannan maganar a riƙe ta ko da sabo ka saya. Yawancin na hannu R22 ne a cikinsu, gas ɗin da duniya ta amince a yarjejeniyar Montreal a daina shi, ƙasashe irin namu wa'adinsu 2030 ne, kullum ƙara tsada yake, jabunsa kuma ya cika kasuwa. Shan wuta ya fi na kowa, garanti babu. Sababbi yanzu R410A ne ko R32, R32 ya fi inganci amma yana iya kamawa da wuta kaɗan, kar a bari a yi masa walda da gas a ciki.

Fanka mai ruwa

Ba esi ba ce, amma zalunci ne in ban sa ta ba, don ƙasarmu ta dace da ita. Iska take ja ta cikin jiƙaƙƙen soso, ruwa ya tashi ya ɗauke zafi, dabara ɗaya da randa. A busasshen zafin Maris da Afrilu tana aiki sosai, wat 60 zuwa 200 take ja, ƙaramar sola ma ta ɗauke ta. Sai dai a bar taga a buɗe, a riƙa zuba ruwa, a wanke tankin kada ya yi wari ko sauro ya samu gida. Damina na sauka iska ta yi laima, aikinta ya ƙare, sai dai ta ƙara maka danƙo.

| Iri | Kuɗin saye | Shan wuta | Juriya da gyara | Inji ko sola | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Na gargajiya | matsakaici | da yawa | yana jurewa, gyara ko'ina | sai babban inji, sola a'a | wuta mara ƙarfi ta kashe kwamfiresa |
| Mai inbata | ya ɗara na gargajiya sosai | kaɗan | yana jurewa in da kariya, gyara sai gwani | ƙaramin inji da sola | ƙonewar bod |
| Na sola kai tsaye | mafi tsada | kusan babu da rana | masu gyara ba yawa | don sola aka yi shi | ba ya kwana ba NEPA |
| Na hannu | arha | mafi yawa | sa'a ce | sai babban inji | yoyon gas, ba garanti |
| Fanka mai ruwa | mafi arha | ƙanƙani | sauƙi | ko ƙaramar sola | ba amfani da damina |

Ban sa naira a teburin ba da gangan, farashi na bin dala, na wannan watan ba na wancan ba ne. Ka zaga shago uku, ka tambayi kuɗin har da bututu da ƙarfen ɗaurawa da kuɗin aiki.

Aikin sakawa ma ya isa ya lalata esi mafi tsada. Ka tsaya a kai. Mai aiki ya zo da injin zuƙe iska daga bututu, ba ya ɗan buɗe gas ya ce ya kore ta ba, don laimar da ta rage a ciki ita ke cin kwamfiresa a hankali. Bututu na jan ƙarfe na gaske. Waya 2.5mm ga hos ɗaya da ɗaya da rabi, 4mm ga hos biyu, da layinsa daban daga akwatin wuta, kar a jona shi a soket ɗin talabijin, gobarar da muke ji a bazara da yawa daga siririyar waya take. Injin waje a inuwa inda iska ke wucewa, a yi masa keji. Raga ta ciki a wanke duk sati biyu, bayan hunturu a kira a wanke injin waje don ƙura na toshe shi. Sannan a bar shi a 24 zuwa 26 a haɗa da fankar sama, saka shi a 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi, hana kwamfiresa hutu kawai yake.

To tallafin gwamnati fa?

Maganar gwamnati na rage wa mutane kuɗin esi da ake yaɗawa a WhatsApp tana da tushe, amma a wasu ƙasashe ne. A jihar Victoria ta Ostireliya akwai shirin Victorian Energy Upgrades, in ka cire tsohuwar na'urar ɗumama gida ta gas ka saka sifilit mai inganci ta hannun kamfani mai rajista, ana zaftare maka kuɗi tun a farashi. Kusa da mu, Ghana ta taɓa yin shirin ka kawo tsohon firij a rage maka kuɗin sabo, ta hana shigo da firij da esi na hannu, ta wajabta takardar nan rawaya mai taurari, a 2020 kuma aka fara ECOFRIDGES GO inda ma'aikaci ke ɗaukar esi ko firij mai inganci ta banki ana cira daga albashi. 'Yan'uwa na Nima a Accra da zangon Kumasi su tambayi bankinsu, kuma su ƙirga taurari kafin su biya.

A Najeriya ba haka tsarin yake ba, tallafin ba a shago yake ba, a cikin kuɗin wuta yake. In kana Band B zuwa E gwamnati ce ke cike gibin kowane yunit da ka sha, wannan shi ne tallafinka, kana karɓarsa ko ba ka sani ba. In kana Band A haƙƙinka awa 20 ne, umarnin NERC na 2024 ya ce layin da ya yi kwana 7 a jere bai cika alkawari ba a sauke shi zuwa Band ɗin da ya dace, don haka ka riƙa rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa, ku haɗu 'yan layi ku kai ƙorafi a rubuce ga kamfanin, in ba a ji ba ku wuce ofishin sauraron ƙorafi na NERC. Sai mita: wanda ya sayi tasa a ƙarƙashin tsarin MAP, inda mutum ke biyan kuɗin mita da kansa, doka ta ce a mayar masa da kuɗinsa ta hanyar yunit a hankali, mutane da yawa ba sa bin wannan. Kuma kar ka saka esi kana kan bil na ƙiyasi, mai inbata ba zai amfane ka da komai ba in ba a auna abin da ka sha.

Ta ɓangaren sola akwai CREDICORP, hukumar bashin kayan masarufi da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024, tana da asusun C.A.L.M. na sola da mayar da mota ta gas, ta hannun bankuna da cibiyoyin kuɗi. Bashi ne fa ba kyauta ba, ka karanta sharuɗɗan, ka tambaya ko da kuɗin ruwa ko ta bankin da ba ruwa za a bi, don wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Shirin DARES na hukumar REA mai kai wuta karkara, da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 750 a Disamban 2023, kamfanonin sola yake tallafa wa su sauke farashi, ba mutum ake tura wa kuɗi ba. Saboda haka duk saƙon da ya ce ka biya kuɗin fom ko ka turo BVN da lambar da banki ya aiko maka don a ba ka esi, ɓarayi ne, goge shi, kuma ka gargaɗi wanda ya turo maka.

Wa ya dace da wanne

In kana Band A kana kwana da esi, mai inbata ba tantama, T3 in ka samu, da na'urar kariya. In kana Band B ko C wutarku na zuwa da ƙarfi, ba ka tayar da inji don esi, kuma garinku ba gwanin bod, na gargajiya sabo ya ishe ka, rarar kuɗin ka gyara silin da labule mai kauri. In kuwa da inji kake kwana, mai inbata mai maɓallin rage jan wuta, hos ɗaya in ɗakin zai yarda. Mai shago ko kemis ko ƙaramin asibiti da aikinsa na rana ne, na sola kai tsaye. Mai son sanyin dare ba ruwansa da NEPA, mai inbata da litiyam, in kuɗin bai kai ba a jira ya kai, kar a ɗora wa batir ɗin ruwa. Ɗan haya da zai tashi baɗi, ko ɗan Band D da E da wutar ke leƙowa ta koma, ko gidan da ke da tsoho ko jariri ana neman sauƙi yau-yau, fanka mai ruwa da ƙaramar sola za su fitar da ku bazara. Na hannu sai in ka san gidan da aka ciro shi, ka kuma je da mai gyaranka ya auna shi yana aiki.

Shi ƙanina da muka duba rasit ɗinsa Band A ne, ɗakin ƙafa 12 da 14, kwano da silin na roba, bango na kallon yamma. Hos ɗaya da rabi mai inbata ya ɗauka, da na'urar kariya, muka sa aka ja masa waya daban daga akwatin wuta, injin wajen kuma aka kai shi bangon arewa inda inuwar darbejiya ke sauka.